Ranar da Mama Ta Makara

"Jibi Lahadi za a kai ni Ushafa," in ji Yamusa, kansa a sunkuye.

Juliet ta tsaya cik da jakarta a kafaɗa. Yanzun nan aka tashi daga aiki, ma'aikata na ta fitowa daga sakateriya suna rige-rigen shiga bas, amma ita sai ta ji kamar an toshe mata kunne.

"A kai ka Ushafa yin me?"

"Gaisuwa. Gidan su Rosemary. Mama ta riga ta aika wa Kawu Baƙo ya nemo mota."

Ba ta san lokacin da ta zauna a kan wani bulo da magina suka bari a gindin mangwaro ba. Rosemary ɗiyar aminiyar mahaifiyarsa ce, 'yar masu ginin tukwane a Ushafa. Juliet ta sha jin sunanta, amma ba ta taɓa zaton maganar za ta kai ga neman mota ba.

Ita Juliet 'yar wajen Kafanchan ce, a Legas ta girma. Da gwamnati ta kwashe kayanta ta dawo Abuja, aka haɗo da ita da tafiretarta a cikin ma'aikatan farko. A ƙungiyar mawaƙan coci ta haɗu da Yamusa, malamin firamare, ɗan Gbagyi haifaffen ƙasar. Sun daɗe da gama magana tsakaninsu. Mutum ɗaya ce ta tsaya musu a hanya, mahaifiyarsa Mama Christina.

"Ka gaya mata kana da wadda kake so?" in ji ta.

"Na faɗa har na gaji da faɗa. Ta ce baƙin da suka zo da gwamnati sun share gonarta, sun rushe ɗakinta, yanzu kuma sun turo 'yarsu ta ɗauke mata ɗa. Ta ce sai dai bayan ranta."

"Ni na rushe mata ɗaki, Yamusa? Ni da ko fartanya ban taɓa riƙewa a garin nan ba?" Hawaye suka zubo mata. "Kai kuma ka yarda. Ka zo ka tsaya a gabana kana ce min za a kai ka, kamar wani akuya."

Ya durƙusa a gabanta, ko kunyar masu wucewa bai ji ba. Idanunsa sun yi jajir.

"Juliet, wallahi ban yarda ba. Tsoro nake ji. Tun da aka tashe mu daga ƙauyenmu muka koma Kurudu, Mama ba ta barci. Ta kwanta ta juya, ta tashi ta zauna, har gari ya waye. Ƙwayoyin da aka ba ta a asibiti jiri kawai suke sa ta. Likita ya ce jininta ya hau, kada a kuskura a tayar mata da hankali. Shekaranjiya da na yi mata musu, a gabana ta dafe bango tana neman faɗuwa. In ta faɗi ta dalilina, da wane ido zan dube ki, da wane ido zan dubi kaina?"

Juliet kuka kawai take.

Wata farar fijo ta tsaya a gefensu, aka sauke gilashi. Oga Bartholomew ne, shugaban sashensu a ofis, wanda ya daɗe yana bin ta da maganar aure tun suna Legas. Ya dubi Yamusa a durƙushe, ya yi ɗan murmushi.

"Madam Juliet, shigo in sauke ki. Kuka a bakin titi bai dace da ke ba. Na gaya miki an ba ni gida a Garki, ɗaki uku, ga esi, ga ruwa a famfo. Ba uwar miji, ba ciwon kai."

Ta share fuska da bayan hannu. "Na gode, Oga. Bas zan hau."

Ya ɗaga kafaɗa. "Ƙofa a buɗe take," ya ja motarsa.

Da ta miƙe, ba ta dubi Yamusa ba. Tambaya ɗaya ta yi masa: "Gobe da safe kana gida?"

"Ina da taron malamai a Karu, sai wajen hantsi."

"To."

*

Washegari da sassafe ta sauka a Kurudu. Gidan ɗan ƙarami ne, rufin kwano, ɗaki ɗaya a gaba ɗaya a baya. Daura da shi akwai yadin wani kamfanin gini, janareta na ta gurnani a ciki, ga wata ƙatuwar fitila a kan dogon ƙarfe tana fuskantar gidan. Tifofi na wucewa da tsakuwa, ƙasa har girgiza take.

Ta yi sallama ba a amsa ba. Ta ɗaga yadin ƙofa ta leƙa.

Mama Christina na zaune a bakin gado ta tallabe kai da hannu biyu. Ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi. Da ta ga wadda ta shigo, sai ta miƙe zaune sosai.

"Wa ya kira ki?"

Juliet ta durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Mama."

"Kwanan da ban yi ba kike gaishe ni da shi? Tashi ki koma inda kika fito. In roƙo kika zo, kin makara."

Juliet ta zo ne da maganganu cike da baki, duk hanya tana shirya su. Amma tana durƙushe sai ta ji gumi na bin bayanta. Da safe ne, amma ɗakin kamar gidan burodi. Ta ɗaga ido. Ba silin, kwano ne tsirara. Tagar ba labule, kuma saitin fitilar kamfanin take, gadon a manne da bangon titi. Katifar soso ce mai laushi, ta lotsa a tsakiya. Buhuna, kwanduna, tsofaffin fartanyu da ƙullin kaya sun cika ɗakin har bakin ƙofa, ga rediyo a kan matashi yana ta surutu.

Sai duk maganganun suka gudu. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Mama, yaya ɗakinki na da yake?"

Tsohuwar ta yi mata wani irin kallo. "Ina ruwanki?"

"So nake in sani."

Wata tifa ta wuce, kwanon rufi ya yi kakkarwa.

"Na ƙasa ne," in ji Mama a hankali, kamar ba da ita take ba. "Rufin ciyawa. Ko rana ta fi haka, in kin shiga sai kin ji sanyi a tafin ƙafa. Tagar 'yar mitsitsiya. In dare ya yi, ko hannunki ba kya gani. Randata na lungu, ruwa na tsatsafowa ta jikinta. Gadona na katako, tabarma a kai. Ba abin da kike ji sai gyare da kwaɗi." Muryarta ta karye. "A ɗakin na haifi Yamusa. A ɗakin babansa ya cika. Katafila ta zo, ko minti biyar ba ta yi ba. Ina tsaye ina kallo."

Ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana haɗiyewa. Juliet ta matsa, ita ma hawaye na zuba.

"Mama, ban isa in ce na san zafin da kika ji ba. Amma ni ma ba a tambaye ni ba aka ɗauko ni. Takarda kawai aka manna a bango, aka ce kowa ya haɗa kaya. Innata da ta riƙe ni tana Legas, tana kuka na baro ta. Farkon zuwana mu da yawa aka zuba a ɗaki ɗaya, fitila a kunne har safe. Na yi watanni ba na runtsawa. Na san yadda mutum yake ji in gari ya waye, kansa kamar an ɗaure da waya, kowa ya yi masa magana sai ya ji kamar zagi."

Mama ta ɗago ta dube ta. Juliet ta ci gaba.

"Ki bar ni in gyara miki wurin kwana. Yau kaɗai. Ba sai kin so ni ba."

"Kina tsammanin da wannan za ki saye ni?" Ta ja majina, ta ɗaure fuska. "Gobe za mu Ushafa, ko kin gyara ko ba ki gyara ba."

Maganar ta soki Juliet har cikin ƙirji.

"Na ji, Mama. Ko za ki, gara ki je da barci a idonki."

*

Da Yamusa ya dawo, ya tarar da Juliet ta ɗaure ɗankwali a ƙugu tana fitar da littattafansa daga ɗakin baya. Ya saki baki.

"Me ke faruwa a nan?"

"Kai za ka koma ɗakin gaba. Mama za ta dawo nan."

"Amma na gaban ya fi girma. Don girmamawa na ba ta shi, har katifa na sayo mata sabuwa."

"Na sani. Zo ka tsaya nan." Ta jawo shi cikin ɗakin bayan, ta tura ƙofa. Ƙarar janaretan ta koma can nesa. Ta tagar, gonar doya ce shimfiɗe, ga darbejiya ta yi wa rufin inuwa. Ya dafe goshi.

"Kullum a nan nake kwana, ban taɓa tunani ba."

"To cire rigar taron, aiki za mu yi."

Ya tafi wajen wani maƙwabci manomi ya samo zana, suka ɗaura ta a ƙarƙashin kwano ta zama silin. Juliet ta ciro wani zanenta mai kauri, baƙin shuɗi, daga jaka, ta ninka shi biyu ta ɗinke bakinsa da allura, ya zama labule. Suka toshe ramukan da haske ke shigowa ta saman ƙofa. Suka cire katifar soso, suka jera katako a gadon, aka shimfiɗa bargo, aka ɗora tabarma. Ta wanke daɓe tas, ta ɗaura gidan sauro.

Duk wannan Mama na zaune a gindin darbejiya, ta juya musu baya. Sai dai lokacin da suka shiga da gadon suna neman jingina shi da bangon yamma, sai ga murya daga waje.

"Ba nan ba! Wa ke sa gado a bangon da rana ta wuni tana duka? Ku mayar da shi ɗaya gefen."

Yamusa da Juliet suka haɗa ido. Ya cije leɓe don kada dariya ta kubce masa.

Da aka zo kan kayan da ke jibge, Yamusa ya ce a zubar da rabi. Juliet ta girgiza kai, ta fita ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Mama, kayan nan za mu jera su a rumfa, ba abin da zai ɓata. Wanne kike so ya kwana kusa da ke?"

Mama ta daɗe tana kallon tarin. Can ta nuna da haɓa. "Randar can. Da fartanyar babansa, mai gajeren ƙota."

Juliet ta wanke randar da kanta, ta kai ta lungu ta ɗora a kan yashi mai laima, ta cika ta da ruwa. Aka rataye fartanyar a bango. Rediyon kuwa ta miƙa wa Yamusa.

"Wannan na tsakar gida ne. Shayin yamma da goron da take ci don jiri, a bar su zuwa safe. Ka dafa mata ruwa ta yi wanka in rana ta faɗi, ka kashe fitila da wuri. Maganin asibiti kuma ranar Litinin ka koma da ita ka gaya wa likita yadda yake sa ta."

La'asar sakaliya suka gama. Mama ta taso a hankali ta tsaya a bakin ƙofa. Ɗakin ya yi duhu-duhu, ya yi sanyi, sai ƙamshin ciyawa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta shaƙa, ta sake shaƙa.

Juliet ta ɗauki jakarta. "Mama, na tafi. Allah Ya ba mu alheri."

Ko "sauka lafiya" ba ta samu ba.

Yamusa ya raka ta tasha. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka yi min alkawarin da ba ka da ikonsa. Ka bi mahaifiyarka gobe. In Allah Ya rubuta, shi ke nan." Ta shiga bas da sauri don kada ya ga fuskarta.

*

Ranar Lahadi wurin Yamusa a layin mawaƙa ya zauna wayam. Juliet na buɗe baki tana bin waƙa, amma ba ta san me take rerawa ba. Yanzu sun wuce unguwar Dutse, take ce wa ranta. Yanzu sun isa. Yanzu an shimfiɗa musu tabarma.

Ana fitowa daga sujada Oga Bartholomew ya tare ta a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Na ga malamin bai zo ba. Labari ya iso mini, sori. Mu je in nuna miki gidan, ki gani da idonki kawai."

Ta dube shi sosai. "Oga, ko Yamusa ya auri wata yau, amsata ba za ta canja ba. Ka yi haƙuri ka nemi wata."

Ta wuce shi. Ba ta yi niyyar zuwa Kurudu ba, amma da ta isa tasha ƙafarta can ta kai ta. So take ta ga gidan a kulle, ta tabbatar, ta yi kukanta gaba ɗaya ta huta.

Tana shan kwana gabanta ya yanke ya faɗi.

Motar haya na tsaye a ƙofar gida. Kawu Baƙo, ƙanen Mama, na zaune a benci da babbar rigarsa, ga wasu mata biyu cikin kwalliya, kowa ya yi tsit. Ba mai magana, ba mai motsi. Irin shirun nan ta san shi.

"Wayyo Yesu, Mama!" Jakarta ta faɗi.

Yamusa ya taso da gudu, yatsa a leɓe. "Shhh! Yi a hankali."

"Me ya same ta? Gaya min!"

Sai ta ga fuskarsa. Hawaye yake, amma dariya yake.

"Barci take, Juliet. Tun jiya bayan wanka ta ce bari ta ɗan gwada tabarmar. Har yanzu. Na leƙa ya fi a ƙirga, numfashinta lafiya lau, har da minshari. Kawu ya ce a tashe ta, na ce duk wanda ya taɓa ƙofar nan sai dai ya bi ta kaina."

Kawu Baƙo ya yi ƙwafa ƙasa-ƙasa. "Tun safe muke nan kamar masu gadi. Matar da ke riga zakara tashi."

Juliet ta zauna a dandamali ta rufe fuska da tafin hannu.

Rana ta take tsaka aka ji motsin ƙofa. Mama Christina ta fito tana gyara ɗaurin zane, shatin tabarma kwance a kumatunta. Ta yi miƙa, ta yi wata doguwar hamma, ta dubi sama, ta dubi jama'a.

"An yi cocin?"

"An yi har an watse, Yaya," in ji Kawu Baƙo. "Ki shirya mu kama hanya, mutane na jira."

Ba ta kula shi ba. "Yamusa, akwai abinci? Yunwa nake ji."

Yamusa ya kusa tuntuɓe wajen ɗauko kwano. Rabon da ta nemi abinci da bakinta har ya manta. Ta zauna ta ci doya da manja tana lashe yatsa, kowa na kallo. Sai da ta sha ruwa ta wanke hannu, sannan idonta ya sauka kan Juliet da ke raɓe a gefe.

"Ke, zo nan."

Juliet ta zo ta durƙusa.

"Na yi mafarkin babansa," in ji Mama. "Tun da muka baro gida ban gan shi ba, don ban yi barcin da zai zo ba." Ta goge ido da bakin zane. "Kowa ya zo duba ni da abin da zai ba ni. Wannan magani, wannan katifa, wannan wa'azi. Ba wanda ya tambaye ni abin da na rasa sai ke. Kuma na ce miki za ni Ushafa, kin ji da kunnenki, ba ki ajiye tsintsiyar ba."

"Mama..."

"Yi shiru, ban gama ba. Ban ce na daina fushi da masu katafila ba. Amma ke ba ki cikinsu." Ta kamo hannunta ta riƙe gam. "Tashi daga ƙasa, 'yata."

Juliet ta kifa kai a cinyarta ta saki kuka. Ɗaya daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, har masu gadin kamfani suka leƙo ta saman katanga. Yamusa ya juya baya yana share fuska da hannun riga.

Kawu Baƙo ya tafa hannu. "To Ushafan fa, Yaya? Mun ce musu muna tafe."

"Za mu je mana. Gaisuwa muka ce, ba mu kai ga tambaya ba. Uwar Rosemary aminiyata ce tun muna 'yan mata, da bakina zan ba ta haƙuri, in ta zage ni in shanye. Yarinyar ma ta cancanci wanda zai so ta da zuciya ɗaya." Ta juyo. "Ke 'yata, garin naku da nisa?"

"Bayan Kafanchan ne, Mama. Hanyar ba kyau, sai an yi rabin wuni."

"To Baƙo, ka ce wa direban nan Asabar mai zuwa ma muna son sa. A sayi goro da gishiri, a gaya wa fasto." Ta miƙe tana karkaɗe zane. "Kuma a sa min matashi a bayan motar. In na yi barci a hanya, kada wanda ya tashe ni sai mun isa ƙofar gidan surukaina."